Malamin Gida da Harshen Latin: Tsakanin Malanta da Barantaka

Harshen Latin, wanda asalinsa maganar mutanen Latium ce, wato yankin tsakiyar Italiya inda birnin Rum yake, ya daina zama harshen da yaro ke tsotsa a nono tun wajen ƙarni na 8 Miladiyya, bayan da maganar talakawa ta rikiɗe a hankali ta haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da 'yan'uwansu, amma duk da haka ya ci gaba da riƙe coci da kotu da jami'a da likitanci a Turai har kusan shekara dubu bayan nan. Da shi Isaac Newton ya rubuta babban littafinsa na 1687 a kan dokokin motsi, da shi Gauss ya wallafa aikinsa na lissafi a 1801, kuma ƙasar Hungari ba ta sauke shi daga matsayin harshen hukuma ba sai a 1844. Matsayinsa ya yi kama da na Larabci a wurin malaman ƙasar Hausa, domin duk wanda bai iya shi ba ƙofar ilimi mai zurfi a rufe take gare shi. Harshen da babu uwar da ke koyar da shi kuwa dole wani ya zauna ya ɗora shi a kan harshen yaro, kuma a gidajen masu mulki da masu dukiya wannan aiki ya faɗa ne a wuyan malamin gida, mutumin da aka ɗauka don ya koyar da yaro ɗaya ko biyu a cikin gidan iyayensu, wanda sau da yawa ya fi mai gidan ilimi nesa ba kusa ba, amma ana lissafa shi cikin barori.

Wannan rikitaccen matsayi ya samo asali tun daga farkon adabin Latin kansa. Livius Andronicus, wanda ake ɗauka a matsayin marubucin Latin na farko da aka san sunansa, Bagirke ne daga Tarentum a kudancin Italiya da aka kawo Rum a matsayin bawa a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya koyar da 'ya'yan ubangidansa, aka 'yanta shi, sannan ya juya waƙar Odyssey ta Homer zuwa Latin, fassarar da yaran Rum suka yi ta haddacewa har zamanin mawaƙi Horace, wajen shekara 200 bayan haka. Ba kowane uba ne ya yarda da wannan tsari ba. Marubucin tarihi Plutarch ya ruwaito cewa Cato Babba, wanda ya rasu a shekara ta 149 kafin Miladiyya, yana da bawa mai suna Chilon da ya ƙware a koyarwa har yana karantar da yaran wasu, amma Cato ya ƙi miƙa masa ɗansa, saboda bai ga dacewar bawa ya ja kunnen ɗan halas ba, ko kuma yaron ya tashi da bashin ilimi a wuyansa ga wanda ubansa ya mallaka. Shi da kansa ya koya wa yaron karatu, har ya rubuta masa tarihin Rum da manyan baƙaƙe da hannunsa.

Zuwa ƙarni na 1 kafin Miladiyya karatun Rumawa ya kasu mataki uku: malamin baƙaƙe da ƙirga, sai grammaticus, wato malamin nahawu da sharhin waƙoƙi, sai rhetor, malamin balaga da fasahar jawabi, wanda ke shirya saurayi don tsayawa a kotu da majalisa. A gefen waɗannan akwai paedagogus, bawan da ke raka yaro makaranta, ya riƙe masa kayan karatu, ya tsare tarbiyyarsa, kuma daga sunansa ne harsunan Turai suka samo kalmar da suke kiran ilimin koyarwa da ita. Ladan malamai ya bambanta matuƙa. Sarki Augustus ya ɗauki wani 'yantaccen bawa, Verrius Flaccus, don ya karantar da jikokinsa Gaius da Lucius, ya mayar da shi fada tare da ɗalibansa bisa sharaɗin ba zai ƙara karɓar sababbi ba, yana biyansa sesterce 100,000 a shekara, a lokacin da sojan ƙasa ke karɓar 900. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar ƙayyade farashi da Sarki Diocletian ya kafa a shekara ta 301 ta yanke wa malamin baƙaƙe dinari 50 a wata kan kowane yaro, malamin nahawu 200, malamin balaga 250, alhali ɗan ƙodago a gona yana samun 25 a yini har da abinci, wanda ke nufin sai malamin baƙaƙe ya tara yara 15 kafin ya kamo mai noman ƙodago.

Muhawarar da ta bi wannan sana'a har zuwa yau, wato ko karatun gida ya fi na makaranta, an shimfiɗa ta ne tun wajen shekara ta 95 a littafin Quintilian kan tarbiyyar mai jawabi, mai juzu'i 12. Quintilian, mutumin Calagurris a Sifaniya wanda Sarki Vespasian ya yanka wa albashi daga baitulmali, ya kawo hujjoji biyu da iyaye ke kafawa wajen tsare yaro a gida, tsoron lalacewar ɗabi'a a cikin taron yara da tsoron cewa malami mai ɗalibai da yawa ba zai kula da kowa ba, sannan ya warware su ɗaya bayan ɗaya. A ganinsa ɗabi'a takan lalace a gida ma, ta hanyar shagwaɓawar iyaye da abin da yaro ke ji daga bakin barori, kuma wanda za a shirya don ya yi magana a gaban jama'a bai kamata ya girma a kaɗaice ba, domin yaron da ba shi da abokin gwaji ko dai ya yi sanyi ko ya kumbura da girman kai, tunda bai taɓa ganin wanda ya fi shi ba. Ya tuna yadda malamansa ke jera ɗalibai bisa ƙwazo suna sake jerin duk bayan kwana 30, da yadda wannan ya fi nasihar iyaye zaburar da su, ya kuma lura cewa malamin kansa ya fi samun kuzari idan yana magana da taro. Hujjoji ne masu ƙarfi waɗanda har yanzu ba a kawo waɗanda suka rushe su ba, amma manyan Rum ba su saurare shi ba, kuma shi kansa daga baya Sarki Domitian ya ɗora masa karantar da yara biyu na dangin sarkin da ya zaɓa su gaje shi. Sarki Marcus Aurelius ma, wanda Fronto mutumin Cirta a Aljeriya ta yau ya koya wa balagar Latin, ya lissafa cikin alheran da kakan mahaifiyarsa ya yi masa cewa ya hana a kai shi makarantar jama'a, ya kashe dukiya wajen kawo masa malamai gida. Kusanci da fada yana iya ɗaga malami, kamar Ausonius da ya karantar da yarima Gratian har shi malamin ya kai muƙamin consul, mafi girman sarautar farar hula, a shekara ta 379, yana kuma iya hallaka shi, kamar Seneca da aka ba tarbiyyar Nero a shekara ta 49, wanda ɗalibin nasa, bayan ya zama sarki, ya umarce shi da ya kashe kansa a shekara ta 65.

Bayan rushewar daular Rum ta yamma karatun Latin ya koma gidajen ibada na 'yan zuhudu da makarantun manyan coci, kuma abin da malamai suka dogara da shi shi ne ɗan ƙaramin littafin nahawu na Donatus, na ƙarni na 4, wanda aka tsara shi tambaya da amsa don sauƙin hadda. Wahalar harshen ga wanda bai tashi da shi ba tana cikin sarfunsa ne, domin suna yana sauya ƙarshensa bisa aikinsa a jimla, kwatankwacin li'irabi a Larabci, sai dai halayen a nan shida ne, sunayen kuma sun kasu gida biyar, ga aikatau mai ɗaruruwan siffofi. Sarakuna kaɗan ne suka nemi malami na kansu a wannan zamani: Charlemagne ya jawo Alcuin daga York zuwa fadarsa a wajen 782, Sarki Alfred na Wessex kuma ya fara karanta Latin a 887, yana dab da shekara 40, da taimakon Asser, wani malamin coci daga Wales.

Zamanin farfaɗowar ilimi a Italiya ne ya mayar da malamin gida tsakiyar fage. A 1416 Poggio Bracciolini ya gano cikakken kwafin littafin Quintilian a gidan zuhudu na St Gall a Suwizalan, kuma ba da daɗewa ba sarakunan biranen Italiya suka shiga gasar ɗaukar masana. Gidan Gonzaga na Mantua ya kira Vittorino da Feltre a 1423, shi kuma ya ƙi tsayawa kan 'ya'yan sarki kaɗai, ya haɗa su da 'ya'yan talakawa da yake ciyarwa daga aljihunsa, har darasin gida ya zama makaranta, Guarino na Verona kuma ya je Ferrara a 1429 don ya karantar da Leonello d'Este. Amma ko shahara ba ta kare malami daga rikicin cikin gida ba, domin Poliziano, wanda ba a cika samun kamarsa a Latin a zamaninsa ba, uwargidan Lorenzo de' Medici ta kore shi daga gidan a 1479 bayan saɓani kan abin da ya kamata yaranta su karanta. Erasmus ma da wannan aiki ya ci abinci a Paris a ƙarshen ƙarni na 15, kuma 'yan gajerun hirarrakin da ya tsara wa ɗalibansa don su saba da gaisuwa da zance da Latin su ne aka buga a 1518 ba da izininsa ba, ya karɓe su ya faɗaɗa, suka zama littafin Colloquia da makarantun Turai suka yi ta amfani da shi tsawon ƙarnuka.

Gwaji mafi ban mamaki a wannan fage shi ne wanda aka yi a kan Michel de Montaigne, wanda aka haifa a 1533 kusa da Bordeaux a Faransa. Mahaifinsa ya ɗauko wani Bajamushe wanda ya iya Latin sosai amma bai san Faransanci ba, ya damƙa masa jaririn tun kafin ya fara magana, ya ƙara masa mataimaka biyu, sannan ya kafa doka cewa daga uwa har baran gida kada wanda ya yi wa yaron magana sai da Latin. Kowa a gidan ya tsinci abin da zai iya, har wasu kalmomin Latin na kayan aiki suka bazu zuwa ƙauyukan da ke kewaye suka zauna a bakin mutane. Yaron ya haura shekara shida bai san Faransanci ba, kuma ya samu Latin tsantsa ba tare da littafin nahawu ko bulala ba, amma da aka kai shi kwalejin Guyenne, inda George Buchanan na Scotland yake cikin malamansa, sai harshen ya fara gurɓacewa a bakinsa, kuma da ya girma da Faransanci ya rubuta maƙalunsa.

A Ingila Roger Ascham, wanda ya karantar da Gimbiya Elizabeth daga 1548 zuwa 1550, ya bar bayani dalla-dalla na yadda darasin yake gudana. Dalilin rubuta littafinsa The Scholemaster, wanda aka buga a 1570 bayan rasuwarsa, wata hira ce a kan abinci a fadar Windsor a watan Disamba na 1563, inda aka kawo labarin cewa wasu ɗaliban Eton sun gudu daga makaranta don tsoron duka. Hanyarsa ita ce fassara sau biyu. Malami zai ɗauki wasiƙa ɗaya daga wasiƙun Cicero, fitaccen mai jawabi na Rum, ya bayyana wa yaro dalilin rubuta ta, ya warware masa kalma bayan kalma, sai yaron ya koma gefe ya juya ta zuwa Ingilishi a littafin rubutu. Bayan aƙalla awa ɗaya sai a ɗauke littafin Cicero, yaron ya mayar da Ingilishinsa zuwa Latin a wani littafin dabam, sannan malami ya ajiye rubutun yaron kusa da na Cicero, ya nuna masa inda suka dace ya yaba masa, ya nuna inda Cicero ya zaɓi wata kalma ko ya sauya jeri, ba tare da tsawa ba. Wannan hanya ba ta yiwuwa sai malami yana da lokacin duba kowane layi na ɗalibi guda, kuma a nan ne ainihin fifikon karatun gida yake. Amfaninta ya bayyana a 1597, lokacin da jakadan Poland ya yi wa Elizabeth, wadda a lokacin ita ce sarauniya, jawabi mai zafi a bainar fada, ta mayar masa da martani nan take da Latin tana da shekara 63. A littafin nasa kuma Ascham ya koka cewa manyan Ingila sun fi sakin hannu ga mai horar da dokinsu fiye da malamin ɗansu.

Ga waɗanda aka rufe wa ƙofar makaranta, darasin gida ne kaɗai mashiga. Mata ba su da wuri a makarantun nahawu ko jami'o'i, don haka 'ya'yan Thomas More mata a gida suka koyi Latin da Girkanci, haka ma Elena Cornaro Piscopia ta Venice, wadda jami'ar Padua ta ba digirin dakta a falsafa a 1678. A Granada kuma, Juan Latino, baƙar fata da ya tashi bawa a gidan sarautar Sessa, yana raka ɗan ubangidansa wurin darasi kamar paedagogus na dā, sai ya tsinci karatun har ya zarce wanda yake rakawa, ya zama malamin Latin a makarantar babban cocin birnin, ya auri Ana de Carleval wadda ya koyar a gidan mahaifinta, ya kuma wallafa waƙoƙin Latin a 1573.

John Locke, wanda ya ɗanɗani tsananin makarantar Westminster, ya tsaya a ɓangaren da ke adawa da Quintilian a littafinsa na 1693 kan tarbiyya, inda ya shawarci masu hali su nemi malamin gida ko da tsada, ya fifita koyon Latin ta hanyar magana a kan haddar ƙa'idoji, ya kuma ga ɓata lokaci ne a tilasta shi kan yaron da kasuwanci zai yi. A ƙarni na 18 aikin ya haɗa da rakiyar 'ya'yan manya zuwa doguwar tafiyar buɗe ido a Faransa da Italiya, kuma ana yi wa irin wannan malami laƙabi da mai jan beyar, wata dabbar dawa da masu wasa ke yawo da ita a ɗaure kamar yadda gardawa ke yi da kura. Adam Smith ya ajiye kujerarsa ta farfesa a Glasgow a 1764 don ya raka matashin Duke na Buccleuch, a kan fam 300 a shekara da fansho na fam 300 har ƙarshen rayuwarsa, kuma wannan kuɗi ne ya ba shi sukunin zama ya kammala littafinsa kan arzikin al'ummai a 1776, littafin da a cikinsa ya soki wannan al'ada ta tura samari yawo.

A Jamus hoton ya fi duhu. Matashin da ya gama jami'a, musamman ɗan talaka da ya karanta ilimin addini yana jiran a ba shi coci, ba shi da abin yi sai ya zama Hofmeister, wato malamin gida, kuma ta wannan ƙofa masanin falsafa Kant ya bi na wajen shekara shida a ƙauyukan da ke kewaye da Königsberg, Hegel ya yi a Bern daga 1793 sannan a Frankfurt har 1800, mawaƙi Hölderlin kuma ya bar gidan wani mai banki a Frankfurt a 1798 cikin ɓacin rai. Wasan kwaikwayon Jakob Lenz na 1774, wanda ya raɗa wa sunan wannan sana'a, ya nuna malamin da ake rage wa albashi a kai a kai kuma ake hana shi sa baki idan manya suna zance. Wilhelm von Humboldt, wanda malaman gida suka rene shi tare da ƙanensa Alexander kuma bai taɓa zama a ajin makaranta ba kafin jami'a, shi ne ya jagoranci sashen ilimi na Prussia daga 1809 zuwa 1810, aka kafa jarrabawar tantance malaman sakandare, aka daidaita makarantar Gymnasium a kan Latin da Girkanci da lissafi, kuma daga 1834 jarrabawar Abitur ta zama sharaɗin shiga jami'a. Daga nan takardar shaida ta koma hannun hukuma, abin da malamin gida ba shi da ikon bayarwa.

Jarrabawa ba ta kashe sana'ar ba, sai dai ta sauya mata manufa daga rainon hankali zuwa tsallakar da ɗalibi. Da Ingila ta buɗe aikin mulkin Indiya ga gasar jarrabawa a 1855, an ware wa Latin maki 750, Girkanci 750, Larabci da Sanskrit kuma 375 kowanne, sai gidajen ɗura karatu suka cika Landan, inda ake nazarin tsofaffin tambayoyi ana cusa wa samari amsoshi. Winston Churchill, wanda ya ba da labarin yadda ya kasa amsa ko tambaya ɗaya a takardar Latin ta shiga makarantar Harrow a 1888, ya faɗi jarrabawar makarantar soja ta Sandhurst sau biyu kafin irin wannan gida na Kyaftin James ya tsallakar da shi a 1893. A Cambridge ainihin karatun lissafi ya koma ɗakunan malamai masu zaman kansu, irin su William Hopkins da ya horar da Kelvin da Maxwell, da Edward Routh da ɗalibai fiye da 600 suka bi ta hannunsa. Wannan tsari na Latin da jarrabawa ya biyo Turawa zuwa Afirka ta Yamma, inda makarantar nahawu ta 'yan mishan na CMS da aka buɗe a Legas a 1859 ta sa Latin cikin darussanta, waɗanda ba su samu gurbi ba kuma suka riƙa shirya wa jarrabawar jami'ar Landan ta hanyar darasin wasiƙa daga cibiyoyi irin su Wolsey Hall ta Oxford.

Ƙarni na 20 ya janye ginshiƙan da suka riƙe harshen ɗaya bayan ɗaya. Oxford da Cambridge sun sassauta sharaɗin Latin ga masu neman shiga a 1960, babban taron cocin Katolika na 1962 zuwa 1965 ya buɗe hanyar yin ibada da harsunan jama'a, manhajar ƙasa da Ingila ta kafa a 1988 ba ta ba shi gurbi ba, kuma daga 2012 masana tsirrai suka daina wajabta bayyana sabon nau'in shuka da Latin. Yayin da yawancin makarantun gwamnati suka sauke darasin, sai neman sa ya sake komawa ga malami mai zaman kansa, irin wanda ake kira malamin lesin, ko dai ya zo gida ko a haɗu da shi ta intanet a biya shi bisa awa. A Jamus wasu jami'o'i har yanzu suna neman shaidar Latinum daga masu karatun addini ko tsohon tarihi, don haka ɗaliban da ba su yi shi a sakandare ba sukan biya kuɗin kwas mai tsanani a lokacin hutu. Ɗaya daga littattafan da irin waɗannan malamai suka fi ɗauka shi ne na Hans Ørberg, mutumin Denmark, wanda ya fara fitowa a 1955 a matsayin darasin wasiƙa, kuma babu kalma ko ɗaya ta wani harshe a cikinsa: labarin wani iyali ne na Rumawa da aka fara da jimloli mafi sauƙi, ana bayyana kowace sabuwar kalma da hoto ko da Latin ɗin da ɗalibi ya riga ya sani, har babi 35.